A Koya Wa Masunta Da 'Yan Fito Yadda Ake Tsamo Mutum Daga Ruwa

Duk wanda ya taɓa yin wanka a kogi ko a tafki ya san wani abu guda da ba a cika faɗarsa a bainar jama'a ba, watau da zarar mutum ya ɗan jima a cikin ruwa sai fitsari ya matsa masa, ko da kuwa bai daɗe da kewayawa ba. Yara sun san haka, masunta sun sani, masu haƙar yashi su ma sun sani, amma galibi an ɗauke shi abin raha kawai. To, maƙasudin wannan rubutu shi ne in jawo hankalin jama'a da hukuma ga cewa wannan ɗan abin raha alama ce ta wani babban canji da ruwa yake yi wa jinin ɗan Adam, kuma rashin sanin canjin nan yana iya sa a rasa mutum a daidai lokacin da aka tsamo shi da rai, ana murna ya tsira. A ganina, tun da yake haɗarin jiragen ruwa da ambaliya sun zame mana abin kowace damina, lokaci ya yi da za a kai wannan ilimi ga masunta da 'yan fito, domin su ne kan fara isa wurin haɗari kafin kowane ma'aikacin gwamnati.

Bari mu soma daga tushe don mai karatu ya fahimci inda aka dosa. Jinin babban mutum bai wuce lita 5 ba, ko ƙasa kaɗan ko sama kaɗan, ruwan da ke jikinsa baki ɗaya kuwa ya kai wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa. Jijiyoyin da ke mayar da jini zuwa zuciya masu taushi ne, suna buɗewa kamar salka idan an cika ta. Saboda haka a duk sa'ad da mutum ya miƙe tsaye, nauyin jinin kan ja shi ƙasa, kusan rabin lita ya gangara ya taru a ƙafafu da mara. Mai lafiya ba ya jin komai, gama nan da nan jijiyoyin kan tsuke, zuciya ta ƙara sauri, naman ƙafa kuma ya riƙa tura jinin sama yayin tafiya. Amma idan wannan tsari ya gaza, jini ba zai ishi ƙwaƙwalwa ba, sai jiri ya ɗebi mutum ya faɗi. Abin da ke kayar da soja ko ɗan makaranta ke nan a filin fareti idan ya daɗe a tsaye cikin rana bai motsa ba.

To, shiga ruwa yana juya wannan al'amari gaba ɗaya. Ruwa yana da nauyi, yana danna duk abin da ke cikinsa ta kowace fuska, kuma gwargwadon zurfi gwargwadon dannawa, har ma a kowace mita 10 matsin kan ƙaru da kwatankwacin nauyin dukan iskar da ke bisa kanmu. Mutumin da ke tsaye ruwa ya kai masa wuya, matsin da ke ƙafafunsa ya fi na cikinsa, na cikinsa kuma ya fi na ƙirjinsa, ga shi kuwa iskar da ke cikin huhunsa tana nan daidai da ta sarari. Watau dai kamar a kama salka ne a matso ta daga gindi, ruwan ya haura baki. A shekarar 1972 wasu masana a ƙasar Sweden, a ƙarƙashin Arborelius, suka auna wannan abu a jikin mutane masu lafiya, suka tarar jinin da kan koma ƙirji ya kai wajen mililita 700, watau cikin kwalbar lemo biyu, jinin da zuciya ke harbawa a kowane minti kuma ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku. Bugu da ƙari, wani ruwan da ke kwance a tsakanin tsoka kan tsotsu ya shiga jijiyoyi, ta yadda a farkon shiga ruwa jinin kan ɗan ƙara yawa ya kuma ɗan tsinke.

A nan ne fa jiki yake ruɗuwa. A bangon ɗakunan sama na zuciya akwai wasu 'yan ma'aunai waɗanda aikinsu shi ne su ji yadda zuciya ta cika. Masana biyu, Otto Gauer ɗan Jamus da James Henry, su ne suka tabbatar da haka a Amurka, inda a shekarar 1956 aka bayyana gwajin da suka yi da karnuka: an hura ɗan balan-balan a cikin ɗakin sama na hagu na zuciyar kare, sai fitsarinsa ya ƙaru, alhali ba a ba shi ko kurɓi ba. Dalili kuwa shi ne, idan zuciya ta ji ta cika, sai ta aika wa ƙwaƙwalwa cewa ruwa ya yi yawa, ita kuwa ƙwaƙwalwa ta rage sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. Daga baya, a shekarar 1981, wani masani haifaffen Ajantina mai suna Adolfo de Bold, yana aiki a Kanada, ya gano cewa ita kanta zuciya tana da nata sinadarin da take saki idan bangonta ya miƙe, wanda ke sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa tare. A lokaci guda kuma sinadaran da ke sa jiki ya adana gishiri kan ja baya. Sakamakon duk wannan shi ne fitsari ya ninka sau biyu ko uku ko fiye, ya soma tun cikin awar farko, ya ci gaba awa bayan awa muddin mutum yana cikin ruwa.

Wani likitan ƙoda a birnin Miami na Amurka, Murray Epstein, ya shafe shekarun 1970 yana zaunar da mutane cikin ruwa mai ɗumi har wuya yana auna su. Abin da ya samu shi ne, ƙoda tana ɗaukar wannan zama tamkar an yi wa mutum ƙarin ruwa na lita 2 ta jijiya, watau leda huɗu irin ta rabin lita da muke gani a asibiti. Amma fa a lura, wanda aka yi wa ƙarin ruwa an ƙara masa wani abu na gaske, idan ƙoda ta zubar, rarar ta zubar. Wanda ke cikin kogi kuwa ba a ƙara masa ko ɗigo ba, jininsa ne kawai ya tashi daga ƙafa ya koma ƙirji, don haka abin da ƙodarsa ke zubarwa daga uwar kuɗi yake fita. Kwatancinsa shi ne ɗan kasuwan da ya kwaso kuɗin sauran shagunansa ya tara a akwati ɗaya, ya ga akwati ya cika ya zaci riba ce, ya shiga kyauta.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne ƙishirwa ma ba ta yin gargaɗi. Tun da jiki ya riga ya gaskata cewa ruwa ya yi masa yawa, sai ya danne sha'awar sha. Masu bincike a Japan sun gwada haka a farkon shekarun 1990, suka ga ko mutumin da ya riga ya bushe, idan aka sa shi cikin ruwa ƙishirwarsa kan ragu. Sa'an nan akwai zaton da mutane da yawa ke yi cewa wai fata tana shan ruwa, saboda haka wanda ke cikin kogi ba ya bukatar sha. Wannan zato ba shi da tushe, gama saman fata ne kaɗai ke jiƙa, ruwan ba ya ratsawa ya shiga jini. Har ila yau, mai aikin ƙarfi a cikin ruwa mai ɗumi, kamar mai jan taru ko mai ɗebo yashi da bokiti, yana yin gumi kamar yadda zai yi a gona, illa dai ruwa yana wanke gumin bai sani ba. Ko launin fitsari, wanda a tudu ake dubawa a gane ko jiki ya ƙoshi da ruwa, a nan yaudara yake yi, domin zai fito fari tas alhali jiki yana bushewa. Wannan shi ne ainihin ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Sanyi kuma yana ƙara wa wutar fetur. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska nesa ba kusa ba, gama ya fi ta iya ɗaukar zafi wajen sau 25. Mutumin da ke zaune shiru a cikin ruwa, sai ruwan ya kai wajen digiri 35 a ma'aunin Salshiyas kafin ya daina rage masa ɗumi, kuma ruwan kogi da wuya ya kai haka, balle da dare ko da hunturu. Idan fata ta ji sanyi, ƙananan jijiyoyinta kan tsuke don adana ɗumi, su ƙara kora jini zuwa ƙirji, zuciya ta ƙara jin ta cika, ƙoda ta ƙara zubarwa. Watau matsi yana kora jini ciki, sanyi ma yana kora shi, su biyun kuma ƙofa ɗaya suke buɗewa.

Yanzu sai mu zo ga inda haɗarin yake. Muddin mutum yana cikin ruwa, ƙarancin jinin nan ba ya bayyana, domin ruwan da ya jawo shi shi ne kuma yake tallafe da jijiyoyin, kamar an ɗaure mutum da rawani tun daga idon sawu har ƙirji. Amma da zarar an cire shi, wannan ɗauri ya kwance a lokaci guda. Idan a tsaye aka ɗago shi, kai sama ƙafafu na reto, jinin da ya rage zai zube ƙasa cikin jijiyoyin da sanyi da gajiya suka hana su tsukewa da wuri. Zuciyar da ɗazu take cike sai ta wayi gari babu abin harbawa, ga shi ta gaji, ga jinin ya yi kauri. Mai sa'a jiri ne zai kwashe shi, ko ya suma ya farfaɗo. Wani kuwa zai saki igiya ya koma ruwa, wani zuciyar ce za ta tsaya cik a hannun masu cetonsa.

Turawa sun daɗe suna ganin wannan abu kafin su gane shi. A Yaƙin Duniya na Biyu an sha tsamo matuƙan jiragen sama da sojojin ruwa daga teku suna magana, amma a hau da su jirgi su cika. A shekarar 1979, a gasar tseren jiragen ruwa ta Fastnet, tsakanin Ingila da Ailan, guguwa ta hallaka 'yan tsere 15, kuma 3 daga cikinsu a daidai lokacin ceto suka mutu, ɗaya ana jan sa zuwa jirgi mai saukar ungulu, biyu suna ƙoƙarin hawa wani babban jirgi. Wani likitan sojan ruwan Ingila mai suna Frank Golden ya bi diddigin irin waɗannan mace-mace, ya yi gwaje-gwaje, ya nuna cewa ɗago mutum a tsaye bayan ya daɗe a ruwa yana wahalar da zuciya fiye da ɗago shi a kwance. Shi ya sa masu ceto a teku suka koma amfani da maɗauri biyu, ɗaya a ƙarƙashin hammata ɗaya a bayan gwiwa, ko kuma wata irin raga da ake mirgino mutum da ita cikin jirgi yana kwance. Su ma 'yan sama jannati matsala iri ɗaya suke fama da ita, domin rashin nauyi yana kai jini ƙirji kamar yadda ruwa yake yi, ruwan jininsu ya ragu da wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Saboda haka kafin su sauko akan ba su ruwa da gishiri, kuma idan sun daɗe a can ba a barinsu su miƙe nan take. A Rasha ma tun shekarun 1970 ake kwantar da mutane a cikin babban kwamin ruwa na kwanaki don a kwaikwayi zaman sararin samaniya.

Mai karatu zai iya cewa, to, ina ruwanmu da tekun Ingila da 'yan sama jannati? Ruwanmu kuwa da yawa. A watan Mayu na shekarar 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a Kogin Kwara kusa da Wara ta Jihar Kebbi. A ƙarshen watan Nuwamba na shekarar kuma wani ya kife a Bagwai ta Jihar Kano da ɗaliban Islamiyya a ciki. A watan Yuni na 2023 mutum fiye da 100 suka rasu a yankin Patigi ta Jihar Kwara suna dawowa daga biki. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye babban sashe na Maiduguri, jama'a suka daɗe a cikinsa kafin taimako ya iso. A watan Mayu na 2025 kuma ambaliya ta ci Mokwa a Jihar Neja. A irin waɗannan wurare, wanda kan fara miƙa hannu shi ne mai kwale-kwale da masunci da saurayin unguwa da ya iya iyo. Jarumtarsu ba abar musu ba ce. Amma yadda aka saba tsamo mutum shi ne a kama hannuwansa a finciko shi tsaye, a zaunar da shi a jirgi, in an kai gaci a ce ya taka ya hau tudu da ƙafarsa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai uku yana cikin abin da masana suka hana a yi wa wanda ya daɗe a ruwa.

Wani kuma zai ce ai ruwanmu ba shi da sanyi irin na Turai, don haka abin bai shafe mu ba. Gaskiya ne sanyin ƙanƙara ya fi saurin kisa, kuma yaro mai lafiya da ya yi wankan rabin awa a rafi zai fito ya ruga gida ba abin da zai same shi. Amma a tuna, gwaje-gwajen Epstein a ruwa mai ɗumi aka yi su, gama matsin ruwa bai san zafi ko sanyi ba. Kuma wanda ya kwana riƙe da reshen itace a tsakiyar kogi, ko tsohuwar da ta yi awa shida a tsaye ruwa ya kai mata ƙirji, bai ci ba bai sha ba, ga firgici ga gajiya, to ya haɗa duk sharuɗɗan, har da sanyin ma, tun da ruwan da bai kai ɗumin jiki ba yana ci a hankali.

Abin da ya kamata a koyar ba shi da wuya, kuma ba ya bukatar kayan waje. Da farko dai, idan kan mutum yana nutsewa, ko ba ya numfashi, ko ruwa yana neman tafiya da shi, to a fitar da shi ta kowace hanya da ta fi sauri, domin numfashi yana gaba da komai. Amma idan an tarar da shi kansa a sama yana numfashi, kuma alama ta nuna ya daɗe, to a nan sauri kan haifi nawa. Mutum biyu su kama shi, ɗaya ta kafaɗu ɗaya ta gwiwa, su ɗago shi a kwance. Koma ko tabarma ko zane mai ƙarfi duk suna iya zama majanyi: a danne gefe ɗaya a bakin jirgi, a zura sauran ta ƙarƙashinsa, a jawo a mirgino shi ciki, sauran mutanen jirgi kuwa su koma ɗaya gefen don kada jirgin ya kife. In kwale-kwalen ƙarami ne ba zai ɗauki wannan ba, gara a riƙe shi a gefe kansa a sama a ja shi zuwa gaci, a ɗauke shi a kwance. Kada a ce ya hau da ƙarfinsa, kada a bar shi ya miƙe ko da ya rantse lafiyarsa lau, kuma a riƙa yi masa magana ana ƙarfafa masa gwiwa kada ya saki jiki.

Bayan an fito da shi, a bar shi a kwance, a cire jiƙaƙƙun tufafi a hankali, a lulluɓe shi da busasshen mayafi har kai, a kare shi daga iska. Kada a murza masa hannuwa da ƙafafu, kada a kai shi dab da wuta, domin buɗe jijiyoyin fata farat ɗaya yana ƙara raba zuciya da jinin da take bukata. Al'adar nan ta danna ciki ko kife mutum wai don ruwa ya fita, ita ma a daina, gama amai kawai take jawowa ya koma huhu, ta kuma cinye lokacin da ya kamata a hura masa numfashi a danna ƙirji in ba ya numfashi. Idan yana cikin hayyacinsa sosai kuma yana iya haɗiya, a ba shi abin sha mai ɗumi kaɗan kaɗan, kamar shayi ko kunu, ko ruwan gishiri da sukari, watau ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta. Wanda hankalinsa bai dawo ba kuwa ba a ba shi komai ta baki. Duk wanda ke tari ko haki ko ruɗewa a kai shi asibiti a kwance, domin ciwon huhu na iya tasowa bayan wasu awoyi.

Su kuwa waɗanda ruwa ne wurin neman abincinsu, masunta da masu yashi da masu ninƙaya, nasu darasin shi ne kada su jira ƙishirwa. A sha ruwa kafin shiga, a ajiye gora ko jarka ta ruwa mai tsabta a jirgi a riƙa kurɓa, kada a dogara da ruwan kogin da ke ɗauke da kwalara da sauran cututtuka. In an tashi fita bayan dogon aiki, a fita a hankali, a ɗan zauna a gaci kafin a ɗora kaya a ka. Amma kada garin neman gira a rasa ido. A shekarar 1995 likitoci a Isra'ila sun ba da rahoton wasu samari 30 'yan horon soja da aka sa kowannensu ya sha wajen lita 5 na ruwa kafin iyon kilomita 2.4, sai 8 daga cikinsu ruwa ya taru musu a huhu, numfashi ya gagara, wasu har da tarin jini. Dalili kuwa a fili yake: ƙirjin da matsi ya riga ya cika da jini, in aka ƙara masa kaya sai ruwa ya tsattsafo cikin huhu. Sha daidai gwargwado, a kai a kai, shi ne abin da ake nufi.

Wannan kuma ya kawo mu ga masu ciwon zuciya da hawan jini. Zuciyar da ta raunana ba lalle ta iya ɗaukar ƙarin mililita 700 a lokaci guda ba, saboda haka mai irin wannan ciwo ya nemi shawarar likita kafin ya shiga ruwa mai zurfi, haka ma mai shan maganin da ke sa yawan fitsari, domin shi asararsa biyu ce. Ruwan zafi ma yana da nasa haɗarin, gama yana buɗe jijiyoyin fata, mutum ya miƙe jiri ya kwashe shi. A Japan, inda al'adarsu ce zama cikin kwamin ruwan zafi har wuya, dubban tsofaffi ne ke mutuwa a wurin wanka kowace shekara, musamman da sanyi. A ɗaya ɓangaren kuwa, likitoci sun yi amfani da wannan hali na ruwa wajen rage kumburin ƙafa ga masu juna biyu. Abin dai ya danganta ga sanin yadda yake aiki.

Kirana ga Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, da Hukumar Ba da Agajin Gaggawa ta Ƙasa da takwarorinta na jihohi, da ma'aikatun lafiya, shi ne su sa wannan darasi cikin aikin da suke yi kafin kowace damina. Yaƙin da ake yi na sa rigar kariya da hana lodin wuce kima da tafiyar dare abu ne mai kyau, kuma shi ne kan gaba. Amma a lura da wani abu: rigar kariya tana hana nutsewa, watau gwargwadon yadda aka yawaita ta, gwargwadon yadda za a riƙa samun mutanen da suka yi awoyi suna yawo a kan ruwa da ransu, waɗanda su ne ainihin masu bukatar a tsamo su a kwance. Raba riga ba tare da koyar da tsamowa ba rabin aiki ne. Hanyar isar da saƙon kuwa tana nan tun kaka da kakanni. Kusan kowane garin bakin ruwa yana da Sarkin Ruwa ko shugaban 'yan fito wanda maganarsa ke da nauyi a mashaya da mafita. A tara su a kowace Ƙaramar Hukuma, malamin asibiti ya nuna musu da koma da tabarma, su gwada da hannunsu, yini ɗaya ya isa. Gidajen rediyo su maimaita da Hausa da Nufanci da Kanuri da sauran harsunan bakin kogi. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka soma tun 1934 kuma yake tara dubban masunta a Matan Fada, fili ne da ya dace a nuna wannan a gaban jama'a.

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ba a koyon ceto ranar da jirgi ya kife. Kuɗin da wannan aiki zai ci bai kai na sayen injin jirgi ɗaya ba a kowace Ƙaramar Hukuma, amfaninsa kuwa rai ne. Ina fata waɗanda abin ya rataya a wuyansu za su duba tun ruwa bai kawo ba. Allah ya kiyashe mu da tsautsayi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.